Tambayi Likitar Yara: Wasiƙun hunturu kan asma

Tun da iskar hunturu ta fara kaɗawa, wasiƙun da ke shigowa wannan shafi suka koma na tari da sarƙewar numfashi. Na zaɓi huɗu, na rage musu tsawo saboda fili, na sakaya sunaye kamar yadda muka saba. Masu tambaya kan yaye da fitar haƙori su ƙara haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Likita, barka da aiki. Ɗana shekararsa bakwai. Duk hunturu ba ma barci, tari cikin dare, ƙirjinsa yana fito, wani lokaci sai mun kwashe shi zuwa asibiti an sa masa na'urar hayaƙin nan kafin ya dawo hayyacinsa. Bara likita ya ce asma ce, ya rubuta mana inhela biyu, shuɗiya da mai ruwan ƙasa, ya ce mai ruwan ƙasar safe da yamma kullum. Na gwada ta ranar da abin ya tashi, ban ga ta yi komai ba, sai na ajiye ta. Shuɗiyar ce ke aiki, daga bara zuwa yanzu mun ƙarar da huɗu. Kakarsa kuma ta ce in daina ba shi gaba ɗaya, wai wanda ya saba da inhela ba ya rabuwa da ita, kuma tana taɓa zuciya. Na rasa wanda zan bi.
Maman Abba, Funtuwa

AMSA: Maman Abba, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba shi lafiya. Zan zo kan maganar Hajiya Kaka, amma abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne inhela huɗun nan. Kowace shuɗiya feshi 200 ke cikinta. Huɗu ke nan feshi 800 a shekara guda, a ƙirjin ɗan shekara bakwai. Jagoran da likitoci ke bi wajen asma ya ce duk wanda ke ƙarar da shuɗiya uku ko fiye a shekara yana cikin haɗarin mummunan tashi, irin wanda ke kwantar da mutum a asibiti. Ciwon Abba dai ba a riƙe yake ba, kuma maganin da zai riƙe shi yana kwance a durowarki.

Abu biyu ke faruwa a ƙirjin mai asma. Ɗaya kina ganinsa da ido. Ƙananan bututun da iska ke bi cikin huhu akwai nama zagaye da su, idan ƙura ko sanyi ko mura ta taɓa shi sai ya tsuke, iska ta riƙa fita da ƙyar, shi ne fiton da kike ji. Ɗayan kuwa ba a ganinsa. Fatar cikin bututun a kumbure take, tana tara majina, har a ranar da yaro ke guje-guje a tsakar gida lafiya ƙalau. Wutar ƙaiƙayi ce, sama toka, ƙasa tana ci. Shuɗiyar, wadda za ki ga an rubuta salbutamol a jikinta, naman nan take sassautawa cikin 'yan mintuna, ta yi aikin awa huɗu zuwa shida ta wuce. Kumburin ko kallonsa ba ta yi. Mai ruwan ƙasar, galibi beclomethasone ko budesonide, ita ke kwantar da kumburin, amma a hankali: sai an yi kwanaki ana shaƙa kafin a fara ganin canji, cikakken amfaninta kuwa sai bayan makonni. Saboda haka ranar da kika fesa masa ita yana tsakiyar haki kika ga ba ta yi komai ba, idonki bai yi miki ƙarya ba, lokacin ne ba nata ba. Bayanin minti biyar ne wannan, amma na san yadda layin asibiti yake, likita ɗaya, benci cike.

Ki lura, launi ba doka ba ne. Akwai kamfanonin da ke yin ta kullum da ruwan lemo ko ja. Sunan da ke jikin kwali za ki riƙe.

Jagoran da na ambata ana kiransa GINA. An kafa shi a 1993 da hannun Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma kusan duk shekara ana sabunta shi. A 2019 ya yi canjin da ya fi kowane girma cikin shekaru masu yawa: ya ce daga ɗan shekara 12 zuwa sama kada a ƙara barin mai asma da shuɗiya ita kaɗai, komai sauƙin ciwonsa. Yara 'yan shekara 6 zuwa 11, rukunin Abba ke nan, su ma ana so maganin kumburi ya riƙa shiga ƙirjinsu, kuma wanda abin ke tada shi da dare ko ya taɓa kai shi asibiti, kullum zai riƙa shaƙa. Likitan da ya rubuta miki biyun nan ya yi daidai.

Idan kika kawo mini shi, kafin in ɗora abin sauraren ƙirji tambaya huɗu zan yi miki, duka a kan makonni huɗun da suka wuce. Tari ko fito ya dame shi da rana fiye da sau biyu a mako? Ya taɓa farkawa da dare saboda shi? Ya nemi shuɗiyar fiye da sau biyu a mako? Akwai wasa ko makaranta da ya fasa saboda numfashi? Idan duka a'a ne, ciwo yana hannu. Idan ɗaya ko biyu i ne, da saura. Uku ko huɗu, ya kuɓuce. Babu na'urar da ake buƙata a nan, kuma ke ce kika fi ni sanin amsar. Ki samu kalandar bango, duk daren da ya farka ki yi zane, duk ranar da ya shaƙi shuɗiya ki yi ɗigo. Uwar da ta shigo mini da irin wannan takarda ta gama mini rabin aiki, don “yana dai fama” ba ya gaya mini ko in ƙara magani ko in rage.

To, Hajiya Kaka. Kada ki yi mata gardama, don akwai abin da ta gani. Salbutamol yakan sa zuciya bugawa da sauri, hannu ya ɗan yi rawa, musamman idan an yi feshi da yawa. Yana wucewa da kansa, kuma ya fi tsanani ga masu shan maganin na ruwa ko ƙwaya fiye da masu shaƙa. Maganar sabo kuwa, babu abin da ke cikin inhela mai kama jiki irin na kayan maye. Abin da ya sa ake ganin kamar ba a rabuwa da ita shi ne da yawa ba sa fara ta sai ciwo ya yi nisa, sannan shuɗiyar kawai suke riƙewa, kumburi yana nan, dole hannu ya yi ta komawa aljihu. Idan kina son Abba ya rage shuɗiya, hanyar ita ce ta kullum ɗin da kika ajiye. Ni shawarata, ranar komawa asibiti ki roƙi Hajiya ta raka ku. Abin da ba za ta karɓa daga bakin suruka ba takan karɓa daga bakin likita, kuma kakar da ta gamsu ta fi kowa tsare lokacin magani.

Za ki ji wasu sun ce mai ruwan ƙasar sitiroyid ce, tana hana tsawo. Sitiroyid ce, amma ɗan mitsitsin awo ne da ke sauka kai tsaye a huhu. An bi yara kimanin dubu a wani babban bincike a Amurka da Kanada har suka girma, sakamakon da ya fito a 2012 ya nuna waɗanda suka yi shekaru suna shaƙar budesonide sun gaza sauran da kimanin santimita 1.2. Ban raina santimita ɗaya ba, amma ki auna shi da daren da ake neman mota ƙarfe biyu. Sitiroyid ɗin da nake tsoro shi ne ƙwayar prednisolone da dexamethasone da ake saya a kemis ana ɗura wa yaro duk sanda ya yi tari. Shi ke kumbura fuska, ya raunana ƙashi, ya tsayar da girma. Abin da ake buƙata bayan shaƙar ta kullum shi ne ya kurkure baki ya tofar, don kada farin ƙuraje su fito masa ko murya ta dusashe.

Kada ya fesa kai tsaye a baki. Ɗan shekara bakwai bai iya haɗa matsawa da jan numfashi ba, maganin a harshe da maƙogwaro yake tsayawa. Ki nemi gorar shaƙa, wadda a asibiti ake ce wa sifesa, na yi bayaninta a amsa ta uku. Idan an yi wata uku cur amsoshin nan huɗu duka a'a ne, likita zai iya fara rage awo. Amma ba a ragewa a bakin hunturu, kuma ba ke za ki rage da kanki ba. Yara maza da yawa abin yakan yi musu sauƙi wajen balaga, wasu ya dawo musu daga baya, don haka ba zan yi miki alkawarin rabuwa ba.

Akwai maganar da na san ba za ta yi wa mata daɗi ba: turaren wuta. Kasko a ɗakin da mai asma ke kwana, ƙofa rufe saboda sanyi, labule da kafet sun sha hayaƙi, wannan kaɗai ya isa ya rushe aikin magani. Haka maganin sauro na kunnawa, da fiya-fiya, da kurfotin gawayi da ake shiga da shi ɗaki don jin ɗumi, da janareto a gindin taga, da sigari ko shishar wani a gidan. Ki sa masa gidan sauro. In za a yi shara a yayyafa ruwa, shi kuma ya fita tukuna.

Kuɗi kuma, na sani. Tun da kamfanin GSK ya sanar a watan Agustan 2023 cewa zai daina sayar da magungunansa kai tsaye a Najeriya, ga kuma faɗuwar naira, farashin inhelolinsa, Ventolin (wato salbutamol) da Seretide, ya yi tashin gwauron zabi. Ki tambayi mai magani da sunan maganin, ba da sunan kamfani ba, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Salbutamol na wani kamfani mai rajista salbutamol ne.

TAMBAYA: Likita, ina gaisuwa. Ɗiyata shekararta biyu da wata huɗu. Daga damina zuwa yanzu sau uku tana mura, kuma kowane karo sai ƙirjinta ya yi fito. Ƙanena yana da asma. Na tambayi likitan da ya duba ta ko ita ce, ya ce ba zai iya cewa i ko a'a ba yanzu. Wane irin awo zan nema a yi mata, na jini ko hoto, don a san gaskiya? Maganin ruwa na salbutamol muke ba ta.
Baban Nana, Maraɗi

AMSA: Malam, ina amsawa. Likitan nan bai yi maka rowar sani ba, gaskiya ya faɗa maka. Babu awon jini ko hoton ƙirji da ke cewa ga asma. Awon da ke tabbatar da ita na busawa ne: yaro ya cika ƙirji ya busa iya ƙarfinsa cikin na'ura, a ba shi salbutamol, ya sake busawa, a ga ko iskar da yake fitarwa a daƙiƙar farko ta ƙaru sosai. Yaro ba ya iya wannan sai ya kai shekara biyar ko shida. Ga ɗiyarka kuwa, labari da lura su ne awon.

Yara ƙanana da yawa suna fito idan mura ta kama su, don bututun nasu siriri ne, ɗan kumburi kaɗan ya isa ya matse shi. Da yawansu kafin su shiga firamare abin ya wuce. Abin da ke karkatar da mu wajen asma shi ne idan tarin da fiton suna wuce kwana goma a kowace mura, ko abin ya fi sau uku a shekara, ko kuma, wannan ya fi nauyi, yana zuwa ba tare da mura ba: tana dariya ta sarƙe da tari, ta yi kuka ko gudu sai fito, ko cikin dare haka kawai. Sai mu tambaya ko tana da ƙaiƙayin fata mai bushewa a lanƙwasar hannu da bayan gwiwa, ko uwa ko uba ko wanda suke ciki ɗaya yana da asma. Na baffa ana lissafa shi, amma bai kai na iyaye nauyi ba.

Idan alamun sun taru, jagora ya ba da hanya mai sauƙi: a gwada ta da ƙaramin awo na inhelar kumburi kullum tsawon wata biyu zuwa uku, da shuɗiya idan buƙata ta taso. In ta warware a kan magani, aka tsayar abin ya dawo, an samu amsa. In ba ta canja ba sam, sai a koma a sake tunani, don ba duk fito ne asma ba. Abu biyu nake so ka riƙe a nan. Yaron da yake lafiya, yana cin gyaɗa ko aya ko gasasshiyar masara, ya ƙware, daga ranar tari da fito suka fara, musamman a gefe ɗaya na ƙirji, wannan ƙwaya ce ta faɗa hanyar iska, inhela ba za ta fito da ita ba, asibiti babba ake nufa. Na biyu, tarin da ya wuce mako biyu tare da rama da zazzaɓi, ga wani babba a gidan da ya daɗe yana tari, a yi awon tibi.

Maganin ruwan nan ka nemi a canja mata shi. Yana jinkirin aiki, yana zagaya jiki duka kafin ya isa huhu, shi ya sa yake sa bugun zuciya da rawar jiki da hana barci. Jagora ya daina ba da shawararsa. Inhela da gorar shaƙa mai abin rufe hanci da baki ita ce ta 'yar shekara biyu. Maganin tari na kwalba kuma ba ya yi wa asma komai, haka maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake rubutawa duk mura. Amma ka koyi ƙirga numfashinta tana kwance shiru, minti ɗaya cif da agogon waya. A shekarunta, 40 ko fiye sauri ne. In ya haɗu da zazzaɓi ko ƙasan haƙarƙari yana lotsawa ciki, a kai ta a ranar, don limoniya ma haka take farawa.

TAMBAYA: Ranki ya daɗe. Ni ma'aikacin lafiya ne a ƙaramin asibitin ƙauye. Ba mu da nebulaiza, na'urar hayaƙin nan, ko muna da ita babu wuta, ba mu da oksijin, babban asibiti kuma tafiyar awa ɗaya da rabi ce. An ba mu takardun jagora a wani taron bita, amma da na karanta sai na ga kamar don asibitocin Turai aka rubuta. Idan aka kawo mini yaro da dare yana haki, me zan yi da abin da ke hannuna?
Abokin aikinki, daga Jigawa

AMSA: Sannu da ƙoƙari, Malam. Ku ne kuke ganin yaran nan kafin mu. Gaskiyarka, rabin shafukan jagoran nan magana ce ta na'urori da allurai masu tsada da ko a manyan asibitocinmu ba kowa ke samu ba. Amma sashen da ya shafi awa ɗaya ta farko, wanda shi ke ceton rai, kusan dukansa za ka iya yi a inda kake.

Ka cire nebulaiza daga ranka. An gwada an sake gwadawa, a tashin da bai kai na halaka ba, inhela da gorar shaƙa suna aiki daidai da nebulaiza, kuma ga yara bugun zuciya ya fi sauƙi. Gorar ma ba sai ta kanti ba. Likita Heather Zar da abokan aikinta a birnin Kef na Afirka ta Kudu sun gwada robar lemo mai cin mililita 500 a kan yara masu tashin asma, suka wallafa a 1999 cewa ta yi aiki kamar ta kamfani, kofin roba kuwa bai kai ta ba. Ga yadda ake yi: ka huda gindin robar daidai faɗin bakin inhela, da wuƙa ko ƙarfe mai zafi, ka cusa bakin ya zauna daram, ka liƙe gefen da filasta don kada iska ta zurare. Yaro zai kama bakin robar da leɓɓansa. Ka wanke ta da ruwan sabulu ka bar ta ta bushe da kanta, kada ka goge da tsumma, don gugar tana sa maganin mannewa a jikin roba. Ka haɗa biyu ko uku tun da rana ka ajiye. Ga 'yan ƙasa da shekara uku ko huɗu sai da abin rufe fuska, wannan kam ka roƙi a sayo muku.

Da an shigo da shi, ka zaunar da shi, kada ka kwantar. Kafin komai ka dube shi. Yana iya magana jimla guda, ko kalma ɗaya-ɗaya yake cirowa? Ƙaramin yana iya kama nono ko shan ruwa? Ka buɗe bakinsa ka dubi harshe da cikin leɓe, ga mai irin fatarmu, a nan ne ake ganin shuɗi. In kana da ɗan abin auna oksijin da ake maƙalawa a yatsa, ƙasa da 92 mai tsanani ne. Yaron da ya yi laushi, yana gyangyaɗi ko ya ruɗe, ko ka ɗora abin saurare ka ji ƙirji tsit babu ko fiton, shi ne mafi haɗari duka. Iyaye sukan ce ya samu sauƙi tunda ƙarar ta tsaya, alhali iskar ce ta daina shiga. Irin wannan, a nemo mota tun kana girgiza inhela.

Ka girgiza, feshi ɗaya a cikin gora, ya ja numfashi biyar ko shida, ka sake girgizawa, ka sake ɗaya. Ba a tara feshi a gora lokaci guda. Ɗan shekara biyar zuwa ƙasa, feshi 2 zuwa 6. Ɗan shekara shida zuwa sama, 4 zuwa 10. A maimaita duk minti 20 har awa ɗaya, kana dubawa tsakani. Na san goma tana ba mutane tsoro, amma abin da ke cikin nebulaiza guda ya fi haka yawa. Idan tashin ba ƙarami ba ne, ko bai amsa zagayen farko ba, ka ba shi prednisolone tun a awar farko, miligiram 1 zuwa 2 a kowane kilo na nauyinsa, kada ya wuce 20 ga ɗan ƙasa da shekara biyu, 30 ga 'yan biyu zuwa biyar, 40 ga 'yan shida zuwa sha ɗaya, kwana uku zuwa biyar a tsaya. Wannan shi ne muhallin ƙwayar, ba shan kullum ba. Kada ka ba da maganin sa barci don ya natsu. Allurar aminophylline da aka saba da ita a da, tazarar da ke tsakanin awon da ke aiki da wanda ke cutarwa kaɗan ce, ka bar ta.

In awa ta cika bai sassauta ba, ko ya sassauta ya koma kafin awa uku, ka tura. A tafi da inhela da gora a cikin motar, a ci gaba da feshi a hanya, ka rubuta abin da ka ba shi da lokacin. Mai sikila kuwa kada ka jira awar ta cika, ciwon ƙirjinsu yakan juya da sauri.

Inda muke yawan sakaci, mu da ku duka, shi ne bayan an samu sauƙi. Yaro ya yi dariya, uwa ta yi godiya, a sallame su da shuɗiya, sai wani daren. Yaron da tashi ya kawo shi gabanka ya riga ya nuna yana buƙatar maganin kumburi, ko ka fara ko ka tura inda za a fara. Ka ce su dawo cikin kwana ɗaya ko biyu. Ka sa uwar ta yi feshin a gabanka da hannunta. Sannan ka rubuta musu a takarda, da Hausa, da boko ko ajami, wanda mai gidan ya fi karantawa: ga na kullum, ga abin yi in tari ya fara, ga alamar da in an gani a taho ko tsakar dare ne.

TAMBAYA: Anti Likita, ina wuni. Shekarata 14, ina makarantar kwana. Ina da asma tun ina ƙarami. Ina son ƙwallo amma malamin wasanni ya ce in riƙa zama a gefe. Inhelata kuma tana ɗakin shan magani, sai an nemo mai makulli. Sannan idan azumi ya zo, shaƙa tana karya shi?
Ɗanki, daga Kano

AMSA: Lafiya lau, ɗana. Malaminka tsoro yake ji, ba ƙinka yake yi ba, amma zaman benci ba ya cikin maganin asma. Paul Scholes da David Beckham duk da asma suka yi wa Manchester United wasa. Ka fara da ɗumama jiki a hankali, ka yi feshi biyu na shuɗiya kamar minti goma sha biyar kafin a take. Ranar da hazo ya rufe gari, ka sa takunkumi ko ka haƙura da wasan safe. In ka ga duk da haka ba ka iya gama wasa sai ka tsaya haki, maganinka na kullum ne bai isa ba, ko ba ka shan shi yadda aka ce, kai ka san wanne ne. A shekarunka akwai inhela mai haɗe da budesonide da formoterol wadda ke buɗe ƙirji kuma ta kwantar da kumburi a feshi guda, ita jagora ya fi so ga 'yan 12 zuwa sama. Tana da tsada, amma ka sa Baba ya tambayi likitanka.

Maganar makulli ita ce ba zan yi sassauci a kanta ba. Inhelar ceto a aljihunka take zama, da dare a ƙarƙashin matashi. Idan kun yi hutu, likitanka ya rubuta wa shugaban makaranta takarda mai cewa haka, ya ƙara da cewa a canja maka aikin sharar ɗakin kwana da wani aikin da babu ƙura.

Azumi kuwa, ta kullum ba ta da matsala: ta safe da sahur, ta yamma bayan buɗa baki. Shuɗiyar da rana, malamai sun saɓa. Shaihu Ibn Baz da Shaihu Ibn Usaimin sun ce ba ta karyawa, wasu sun ce tana karyawa a rama. Wannan fagen malaminka ne, ka tambaye shi tun kafin wata ya kama. Abin da yake fagena shi ne, idan ƙirji ya tsuke da azahar, ka shaƙa nan take, ba a jiran magariba da shi.